Ɗigon da gara ta ci

A shekarata ta farko ta mastar a Yamai, mu huɗu ne ɗaki guda, kuma ɗayanmu ɗan fasto ne daga wani ƙauye na yankin Maraɗi. Mutum ne marar hayaniya. In mun fita fada shan shayi, shi sai ya zauna bakin katifa da wani ƙaramin littafi mai jan bango da babansa ya ba shi, yana bin layi da yatsa kamar ɗan makarantar allo. Wata rana da azahar aka ɗauke wuta, zafi ya hana kowa sakat, na jawo littafin ina fifita da shi. Da na buɗe, ban gane komi ba sai haruffan da muka sani a lissafi, su alfa da beta da pi. A ƙasan kowane shafi kuwa ga wasu ƙananan rubuce-rubuce cunkushe, can da can an sa A, ko B, ko C, jefi-jefi D.

Na ce masa, “Wanga kuma mi ne ne? Littafin aka yi wa jarrabawa?”

Ya ce kusan haka ne. Wannan Sabon Alkawari ne da Girkanci, harshen da aka fara rubuta shi. Kafin a ƙirƙiro injin ɗab'i da hannu aka riƙa kwafarsa, kuma kofen Girkanci da suka saura sun haura 5,000, wasu cikakku, wasu guntun takarda ne da bai kai tafin hannu ba. Inda kofen suka saɓa, malaman da suka tsara wannan bugu sun zaɓi karatu guda, sannan suka faɗi iyakar natsuwarsu da shi. A na nufin sun tabbata. D na nufin sun sha wuya ƙwarai kafin su yanke, kuma shakku na nan.

Ban ɓoye muku ba, dariya na yi. Na ce, “Ashe ku da bakinku kun yarda akwai inda ba ku sani ba!” Ya dube ni ya ce, “Malaman hadisi naku ba su cewa wannan ingantacce ne, wannan mai rauni ne? Ka taɓa jin an ce sun rage wa kansu daraja don sun faɗa?” Na yi shiru. Ba gardamar addini na kawo muku ba. Har yau shi yana kan nasa, ni ina kan nawa, kuma kwano guda muke ci. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wane irin malami ne zai buga littafi ya rubuta a ƙasan shafi cewa nan bai tabbata ba.

A shafin farko akwai sunaye biyar. Abokina ya ɗora yatsa kan guda: Bruce Metzger. Ya ce babansa ba ya ambaton sunan nan sai da girmamawa. Daga ranar na shiga neman labarin mutumin, da guntun Ingilishina da ragowar kuɗin intanet.

An haife shi a 1914 a wani ƙaramin gari, Middletown, cikin jihar Pensilbaniya ta Amurka. Ya fara Girkanci a kwaleji, ya gama a 1935, ya wuce makarantar horar da fastoci ta Princeton. A 1938, yana ɗan shekara 24, aka ba shi ajin masu koyon Girkanci a makarantar. A 1942 ya sami digirin dakta a jami'ar Princeton, fannin tsoffin harsunan Girka da Rum, a kan wani tsohon kofen karatun Linjila da ake amfani da shi a coci. Ya zama cikakken farfesa a 1954. Ya ajiye aiki a 1984, bayan shekara 46 yana koyarwa a makaranta guda. Ya rasu a 2007 yana da shekara 93.

In ka karanta haka a jere, sai ka ce rayuwar ba labari cikinta. Mu da muke lissafin wace ƙungiya ce za ta ɗauke mu aikin wata shida, mutum ya yi shekara arba'in da shida yana shiga aji guda yana koyar da harshen da ba za ka sayi ko goro da shi ba a kasuwa! Amma dubi abin da ya fito daga zaman nan. A 1946 ya buga wani ɗan littafi na ɗalibai: ya jera kalmomin Sabon Alkawari bisa yawan fitowarsu, don mai koyo ya fara haddace waɗanda zai fi cin karo da su. Aikin malamin aji ne wanda ya san inda yara ke tuntuɓe. A 1964 ya fitar da babban littafinsa kan yadda nassin ya bi hannu-hannu, yadda ya riƙa ɓaci wajen masu kwafa, da yadda ake bin sawu a gyara. A 1966 aka buga wancan mai jan bango, wanda aka shirya musamman domin masu fassara zuwa harsunan duniya. A 1977 ya rubuta kan fassarorin farko, na Siriyanci da Kibɗanci da Latin da Habashanci da sauransu. A 1987 ya rubuta kan yadda aka tsayar da jerin littattafan Sabon Alkawari.

Kurakuran da yake bibiya, duk wanda ya taɓa kwafar darasin aboki daren jarrabawa ya san su. Tsoffin kofe da manyan haruffa aka rubuta su, ba tazara tsakanin kalma da kalma. Layi biyu su ƙare da kalma iri ɗaya, ido ya tsallake na tsakiya. Wani ya yi sharhi a gefe, na bayansa ya ɗauka nassi ne ya shigar da shi ciki. Metzger ya ba da labarin wani mai kwafa na ƙarni na 14 da ya tarar da nasabar da ke cikin Linjilar Luka an jera ta gida biyu, daga sama zuwa ƙasa. Shi kuwa ya bi ta a kwance, sai kusan kowa ya tashi da uban da ba nasa ba. Akwai kuma wani wuri a wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, farkon babi na 5, inda harafi guda ya raba kofen: “o” gajere ko “o” dogo. Da gajeren, kalmar labari take bayarwa, wato abu ya samu. Da dogon, kira take yi, wato a nemi abin. Masu kwafa kuwa a lokacin furuci guda suke yi wa haruffan biyu.

Cikin ƙa'idodin wannan fanni akwai wadda ta ba ni tsoro: in karatu biyu suka saɓa, sau da yawa wanda ya fi wuyar haɗiya shi ne na asali. Dalili kuwa, mai kwafa ya fi saurin tausasa magana mai kaifi da ya ƙara mata kaifi.

Na ce ta ba ni tsoro, ga dalili. Memuwar ɗina a kan wata waƙar wa'azi ce ta ajami da kakana ya rubuta a Tasawa, zuwa ga ƙanensa mai fatauci. Kofe uku na samu. Na farko na hannun kakan ne, cikin gafakarsa, gara ta yi masa ɓarna. Na biyu wani almajirinsa ya kwafa tun tsohon na da rai. Na uku baffana ya kwafa daga baya, ɗan wanda aka yi wa waƙar. Waɗanda suka yi allo sun san a rubutunmu na warash “fa” ɗigo guda gare ta a ƙasa, “ƙaf” kuma ɗigo guda a sama. In ban da ɗigon, a farkon kalma kamarsu ɗaya. To akwai baitin da kakan ke kiran ƙanensa zuwa ga tuba. Kofen almajiri ya sa ɗigo a ƙasa: ya fara. Kofen baffana ya sa a sama: ya ƙara. A na kakan kuwa, daidai wurin, sama da ƙasa, gara ta cinye.

Ku duba bambancin. In “ƙara” ce, nasiha ce ta wa da ƙane. In “fara” ce, tsohon na cewa ɗan'uwansa bai taɓa tuba ba ke nan, kuma jikokin mutumin nan da su muke zaman gida guda in na je hutu. Mi na yi? Na buga “ƙara” a kwamfuta, ban sa wata alama ba, na wuce baiti na gaba. Ba wanda zai kama ni. Malamin da ke duba aikina bai taɓa ganin kofen ba. Na ma gaya wa kaina wai rufin asiri na yi.

Ina cikin wannan hali abokina ya kawo mini wani littafin Metzger daga ɗakin babansa, na 1971. A ciki ya bi wurare wajen 2,000 ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin abin da kowane kofe ya ce da dalilin da ya sa kwamitinsu ya zaɓi abin da ya zaɓa. Kwamitin ya haɗa malamai daga ƙasashe da ɗariƙu dabam-dabam: Kurt Aland na Jamus, Matthew Black na Sikotlan, Allen Wikgren na Amurka, da Carlo Martini, ɗan Katolika na Italiya wanda daga baya ya zama kadinal a Milan. In sun saɓa, rinjaye ake bi. Abin da ya kama ni shi ne wuraren da aka rinjayi Metzger kansa. Sai ya rubuta hujjar masu rinjaye tsaf, yadda su ma za su yarda an yi musu adalci, sannan a ƙasa ya ƙara ƴan layuka na nasa ra'ayin, ya sa haruffan sunansa. Shi ke riƙe da alƙalami, da ya so da ya karkatar da bayanin.

Kuma wuraren ba duka ne ƙanana ba. Ayoyi goma sha biyu na ƙarshen Linjilar Markus ba su cikin manyan kofe biyu na ƙarni na 4, wanda aka samo a Dutsen Sina'i da wanda ke Batikan. Labarin matar da aka kama da zina, a Linjilar Yahaya, shi ma ba ya cikin kofen da suka fi tsufa. Mutane na ƙaunar wuraren nan, ana wa'azi da su. Metzger fasto ne tun 1939, mai imani har ƙarshen ransa, amma ya rubuta abin da takardu suka nuna.

Ya san irin wannan aiki na da farashi. A 1952, da wata sabuwar fassarar Baibul ta Ingilishi ta fito, wani fasto a jihar Karolina ta Arewa ya cinna mata wuta, aka aika wa shugaban kwamitin fassarar da tokar cikin gwangwani. Da Metzger ya gaji shugabancin, har ya jagoranci sabon bugun da ya fito a 1989, gwangwanin ma ya gaje shi, ya adana. Ɗalibinsa da ya fi suna, Bart Ehrman, daga baya ya bar addinin baki ɗaya. Duk da haka sunayensu biyu ne a kan bugu na huɗu na littafin nan na 1964, wanda ya fito a 2005. Takardu guda suka karanta, suka rabu a kan abin da ya kamata a fahimta daga gare su, kuma hakan bai hana su aiki tare ba.

Daren da na gama duba littafin na buɗe kwamfuta na koma baitin. Na goge “ƙara”, na sa “fara”. A ƙasan shafi na rubuta abin da kowane kofe ya ce, da wanda ya kwafe shi, da inda gara ta ci. Na ce na fifita kofen almajiri don ya fi tsufa, kuma don ba shi da dalilin ƙara wa maganar zafi, amma alƙalami kan yi kuskure ko da zuciya ba ta nufa ba. Na ba kaina C. Daga nan na sake bin waƙar tun daga farko, na tarar da wasu wurare bakwai da na “gyara” ban faɗa ba. Aikin ya ci mini wata uku. Babana ya kira ya ce, “Tsaranka sun yi konkur sun kama aiki, kai kana can kana ƙirgar ɗigo?” Ban sami amsar da zan ba shi ba, har yanzu ma ban samu cikakkiya ba.

Da hutu na tafi Tasawa da shafin a aljihu. Bayan la'asar na sami baffana a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na karanta masa har da bayanin ƙasa. Ya karɓi takardar, ya miƙa ta nesa da ido ko da yake ba ya karanta boko. Ya daɗe bai ce komi ba. Can ya ce, “Kakanka dai ba ya tauna magana.” Ina jira ya ƙara, bai ƙara ba. Sai ya ce, “Ka rubuta cewa tawa takardar ƙara ta ce?”

Na ce, “Na rubuta, Baba.”

Ya ce, “To, bar shi haka nan, ɗana.”

Ban san ko shi ya mai da ɗigon sama ba, ko haka ya ji waƙar daga bakin mahaifinsa. Ban tambaya ba. C ɗin na nan inda na sa shi.

Wannan ɗan littafi da ke hannunku fotokopi ne, wataƙila na fotokopi. In tawada ta yi ƙaranci, ƙugiyar “ƙ” ce ke fara ɓacewa. Wanda ya ga an rubuta “kara” a sama, ya san ba na dawa nake nufi ba. Ya sa bik ya mayar, amma ya yi ƴar alama a gefe don na bayansa ya san hannunsa ne.