Wuni guda a Santambul

A shekarar 2023 na bi wana zuwa Santambul, a ƙasar Turkiyya, sarin tufafi. Kwana biyar muka yi muna yawo kanti kanti a unguwar Laleli. Ran lahadi kasuwa ba ta ci. Yaya ya ce shi barci zai yi. Ni kuwa na ce ban zo tun daga Maraɗi don in kwanta ba.

Na ƙidaya abin da ya rage aljihuna. Bai kai jikka goma ba a kuɗinmu, kuma a ciki ne zan saya wa Inna kallabi.

Sai na taka da ƙafa. Na bi layin jirgin ƙasa na cikin gari, kamar rabin awa, har filin Sultan Ahmad. Kan hanya na sayi simit, wani burodi mai kama da awarwaro, an barbaɗe shi da riɗi. Shi ne karin kumallona.

Masallatai biyu ne ke kallon juna a filin. Ɗaya mai hasumiya 6. Ɗayan kuma Aya Sofiya, wanda ya fi tsufa nesa. An gama gininsa a shekarar 537, tun ba a haifi Manzon Allah ba. Da can majami'ar Kirista ce. Sarki Muhammadu na biyu ya ci garin a 1453, ya maishe ta masallaci. Na yi alwala, na tuɓe takalmi, na shiga salla ba ko dala. Da na ɗaga kai, hulata ta faɗi! Can sama ga manyan faifai da rubutun larabci. Na karanta su ɗaya ɗaya: Allah, Muhammadu, Abubakar, Umaru, Usmanu, Aliyu. Karatun allo ya yi rana.

Bayan masallacin akwai fadar sarakunan da, Tofkafi. Nan aka aje alkyabba da takobin Annabi. Tun gida nake son ganinsu. Na tambayi kuɗin shiga. Da aka faɗa mini, sai na koma gefe na sake ƙidaya. In na shiga, ba kallabi. Na daɗe tsaye bakin ƙofa, Turawa na wuce ni. Daga baya na juya.

Na gangara bakin ruwa, na shiga jirgin ruwan da ƴan gari ke shiga zuwa Uskudar. Kuɗinsa kaɗan ne. Cikin minti 20 mun bar Turai mun sauka Asiya. Wani tsoho ya saya mini shayi a ƙaramin kofin kwalba, ko gaisuwar juna ba mu iya ba.

Kallabin shuɗi ne. Inna na ɗaura shi ran juma'a. Ta tambaye ni ko na ga kayan Annabi. Na ce mata: «Inna, ƙofar gidan dai na gani.»