Zamanin da Fadamar Haɗeja Ke Cika da Baƙi

A da, ruwa ne ke tsara wa mutanen fadamar Haɗeja da Nguru shekararsu. Damina na yin nisa sai kogin Haɗeja da na Jama'are su tumbatsa, ruwa ya bazu tsakanin jigayi iyakar ganinka. Manomi ya yanki shinkafa, masunci ya hau gora ya ja koma, ruwa na janyewa ana bin sawunsa da shukar wake. Da rani kuma Fulani su gangaro da shanu, balbela na biye da su.

Tsuntsaye ma da nasu rabon. Da almuru za ka ji garken kirinjijiya na wucewa ta saman gari suna fito. Ga dinya a bakin tabki, ga zalɓe ya ƙame cikin ruwa yana dakon kifi. Amma duk ba kamar gauraka ba. Bibbiyu suke tafiya, tukku ruwan zinare, kumatu fari da ja, in nishaɗi ya zo su buɗe fiffike su yi ta tsalle suna rausaya, har mai kaftu ya ajiye fartanya ya tsaya kallo.

Hunturu na shigowa sai baƙi su sauka: agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin gaɓa waɗanda suka ƙetaro Sahara daga Turai, su zauna har wajen watan Maris. Jefi-jefi maharbi kan tsinci zobe a ƙafar wani, da lamba da sunan wata ƙasa, a yi ta miƙa shi hannu-hannu a majalisa. Masana ne suka saka shi don su gane hanyar da tsuntsun ke bi.

Baƙin nan su suka jawo wa fadamar suna. A 1987 aka kafa shirin kare ta, ma'aikata suka riƙa shiga kwalekwale da tabaran hangen nesa suna ƙidayar tsuntsaye. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo har Dagona, kusa da Gashuwa. A 2000 tabkin Nguru ya zama wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa.

Sai dai tun kafin nan al'amura sun fara sauyawa. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ga kuma shekarun fari. Ambaliyar da ke zuwa da ƙarfi ta tafi ta ragu, ruwa ya koma tsiyaya rani da damina, abin da ciyawar kachalla ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zame wa tsuntsayen jan-baki makwanci. Yau yara na wuni a gona da gwangwani da majajjawa suna kora, gauraka kuwa ganinsa ya yi wuya, ga rashin wuri ga masu kama shi su sayar.

Masana sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa sakin ruwan madatsun nan da damina yadda zai malale fadama kamar da. Tsoffin masunta ma abin da suke kewa ke nan, domin ambaliyar da ta ciyar da gauraka ita ce ta cika musu rumbu.