Wufa a A-kori-kurar Yayana

Kowa ya san motocin nan da ake jin dukan kiɗansu a ƙirji tun kafin a hango su. Abin da ke yin wannan rugugi shi ne wufa, wata babbar sifika da aikinta kawai fitar da sauti mai kauri. Da yawanmu muna sha'awarta, amma ba mu san abin da take ci ba. A hutun da ya wuce an saka ta a motar yayana, ni ne kuma mai miƙa kayan aiki.

Motar tsohuwar Toyota Hilux ce, a-kori-kura. Da ita Yaya ke ɗauko tumatir daga Kura zuwa kasuwar 'Yankaba. Da kuɗinta ake cefane a gidanmu, da su ake saya mini littattafai. Yaya yakan fita tun kafin asuba, ba abokin hira sai rediyo. Ya ce sifikun da suka zo da motar ƙanana ne, da ya ƙara murya sai ganga ta koma kamar ana buga gwangwani. Baba bai so ba. Ya ce, "Motar neman abinci ce, ba gidan biki ba. In ka ƙona ta fa?" Sai da aka yi mako guda ana magana kafin ya yarda, bisa sharaɗin ƙwararren mai wayarin mota ne zai yi aikin.

Malaminmu na kimiyya ya taɓa gaya mana cewa sauti girgizar iska ce. Kunnen mutum yana jin girgiza daga sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan ɗaya. Wufa tana aiki ne a can ƙasa, wajen 200 zuwa ƙasa. Irin wannan sauti sai an tura iska mai yawa yake fita, shi ya sa fuskarta ke da faɗi. Ta Yaya inci 10 ce. Rediyon motar ba shi da ƙarfin motsa ta, don haka dole a haɗa da amfilifaya, na'urar da ke karɓar ɗan ƙaramin sauti ta ƙara masa ƙarfi.

Abu na farko da mai wayarin ya yi shi ne cire kan batir na ɓangaren da ke da alamar ragi, don kada wuta ta haɗu yana cikin aiki. Sai ya jawo waya mai kauri daga ɗaya kan batirin, ya shigar da ita ɗakin direba ta wata kafa mai roba, don kada ƙarfe ya yanke ta. Dab da batirin ya saka fiyus. Na ce, "Oga, me ya sa ba a sa shi kusa da amfilifayar ba?" Ya ce, "Yaro, in wayar nan ta goge ta taɓa jikin mota a tsakiya, fiyus ɗin da ke can ƙarshe ba zai hana ta kamawa da wuta ba. Wannan ɗan abin shi ke gadin motar gaba ɗaya."

Bayan haka ya kankare fenti da sanfefa har ƙarfe ya fito fes, ya ɗaure gajeriyar waya a wurin, domin ta jikin mota wuta ke komawa batir. Akwai kuma wata siririyar waya da ke tayar da amfilifaya in an murɗa makulli, ta kashe ta in an zare shi. Rediyon da ya zo da motar ba shi da kafar jona amfilifaya, sai aka sa wani ɗan ƙaramin akwati da ke ɗaukar sauti daga wayoyin sifika ya rage shi daidai yadda amfilifaya ke so. A-kori-kura ba ta da but, saboda haka kafinta ya yi siririn akwatin katako da ya shige bayan kujera. Akwatin ba ado ba ne. In babu shi, iskar da wufa ke turawa ta gaba da wadda take turawa ta baya za su kashe juna, kaurin ya ɓace.

Ga lissafin da ya buɗe mini ido. Wat shi ne bolt sau amfiya. A jikin kwalin amfilifayar an rubuta wata ƙatuwar lamba, amma mai wayarin ya ce a duba wadda ke kusa da haruffan RMS, ita ce ta gaskiya. Mun ga wat 300. Batirin mota bolt 12 ne. In ka raba 300 da 12 za ka sami amfiya 25. Ƙwan fitilar gaban mota ɗaya wat 55 ne, ke nan in an ƙure amfilifayar tana shan wuta fiye da ƙwai biyar. In inji na aiki, yana mayar wa batir abin da aka sha. In kuwa an kashe shi ana jin kiɗa, batir zai mutu, mota ta ƙi tashi, tumatir ɗin mutane ya narke a rana.

Amma ba batirin ne ya fi damun Baba ba. A unguwarmu akwai wani dattijo da ya yi shekaru yana aiki a injin niƙa. Yanzu in ka gaishe shi sai ka ɗaga murya sosai, wani lokacin ma sai ka maimaita. A can cikin kunne akwai wani sashe mai kama da katantanwa, cike da ƙananan ƙwayoyi masu gashi. Su ke juya girgiza ta zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa tana kashe su, wanda ya mutu kuma ba ya sake tsirowa. Ana auna ƙarfin ƙara da desibel. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraren desibel 80 na awa 40 a mako ba matsala, amma in ya kai 90, awa 4 ne kawai. Ta kuma ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke sauraren sauti.

Don haka Baba ya kafa doka uku. Ba a kunna wufa in inji a kashe yake. Ba a shiga unguwa da ita a buɗe, saboda akwai jarirai da marasa lafiya da masallaci. Sannan ya shiga gaban motar da kansa, ya sa Yaya ya riƙa ƙara murya yana yi masa magana. Daidai inda ya fara ɗaga harshe, ya ce, "Tsaya nan. Direban da ba ya jin na kusa da shi, ba zai ji hon ɗin tirela ba." Mai wayarin ya rage maɓallin amfilifayar zuwa wannan wuri.

Gaskiya sautin ya yi daɗi. Ko a ƙasa-ƙasa ganga tana fitowa cike, ba sai an ƙure ba. Ashe abin da Yaya ya rasa tun farko kaurin sauti ne, shi ya sa yake ta ƙara murya.

Mu ɗalibai ba mu da mota, amma wasunmu na toshe kunne da abin sauraren waya tun daga tashi makaranta har dare. Mu gwada awon Baba: in abokinka na gefe sai ya yi ihu kafin ka ji shi, ka rage. Batir in ya mutu ana zuwa Ƙofar Ruwa a sayo wani, kunne kuwa babu rumfar da ake sayar da shi. Ranar 3 ga Maris ce Ranar Ji ta Duniya. Ina ba ƙungiyarmu shawara mu roƙi malamin kimiyya ya yi mana bayani a kan kunne a wajen asambili a wannan rana.