Rediyon Baba da agogon sama

A Hamdara, bayan isha'i, Baba yakan kishingiɗa da rediyonsa kusa da kunne. Muryar mai labaru ta taso, ta nutse, ta sake tasowa. In na tambaya, sai ya ce: "Iska ce, yaro."

Sai da na zo jami'a a Zinder na gane bai kauce sosai ba. Can sama akwai iska mai caji, ita ke maido da gajeren zango ƙasa, kuma ba ta zama wuri ɗaya. Wani mushenmu na kimiyya ya ce tsakanin taurari ma akwai irinta. Tun ranar abin ya hana ni sakat.

Akwai gawar tauraro da ake kira fulsa. Faɗinta kamar kilomita 20 ne kacal, tana juyi tana watso siginar rediyo. Jocelyn Bell ce ta fara jin ɗaya a Ingila a 1967. A 1982 aka gano wata mai juyi sau 642 cikin daƙiƙa guda. Wallahi sai da na sake duba lambar! Bugunta bai cika saɓa lokaci ba, shi ya sa masana suka maida irinta agogo.

Matsalar a hanya take. Siginar na ratsa ilektaron da ke warwatse tsakanin taurari, sai mai dogon zango ta makara, mai gajere ta riga ta iso. Masana su saurara a mita daban-daban, su lissafa jinkirin, su cire. Amma fulsar na tafiya, mu ma muna tafiya, abin da ke tsakani na sauyawa, dole a yi ta sake awo shekara da shekaru. Da wannan haƙurin ne a 2023 suka ba da sanarwar alamun girgizar sararin samaniya.

Da bakansi na kwashe duk wannan na faɗa wa Baba. Akuya biyu ya saida kafin in yi rajista, yayana kuwa ya matsa in koma fannin da ake samun aiki. Baba ya yi shiru, yana murɗa rediyo.

"To, ina ake sauraren nasu?"

Na ce akwai MeerKAT a Afirka ta Kudu, faranti 64.

"Da nisa," in ji shi. Ya miƙo mini rediyon in sa masa sabon batir. Takardar zaɓen fanni tana cikin kayena har yau, ban cike ba.