Kalar Abinci: Halal Ce Ko Haram?

Mu da ke Agege da Sabon Ibadan, kullum yaranmu cikin shan alawa da lemo masu kala suke, har iyaye sun fara tambaya ko halal ne.

A fahimtata, kalar da ake haɗawa a masana'anta, kamar E102 mai ruwan ɗorawa da E129 ja, daga sinadaran man fetur ake samo ta. Babu alade ko jini a ciki, don haka asalinta halal ce. Wadda malamai suka yi saɓani a kanta ita ce E120, domin daga wani ƙwaro ake tatso ta. Hanafiyya sun hana cin ƙwari, Malikiyyarmu kuwa ta sassauta.

Ni dai lafiya ce ta fi damuna. A 2025 Amurka ta soke izinin sa E127 a abinci. Nan gida kuma, wasu na zuba wa manja rinin Sudan don ya yi jawur, alhali an haramta shi a abinci. Musulunci bai yarda da cutarwa ba. Don Allah mu riƙa duba kwali kafin mu saya wa yara. Allah Ya tsare mu, amin.