Saƙa da Warwara

Idan Bahaushe ya ce wane ya kwana yana saƙa da warwara, yana nufin tunani ne ya hana shi barci, ya ƙulla wannan ya kwance wancan. Na daɗe ina jin wannan magana a bakin manya, amma ban san asalinta ba sai da na riƙe kibiyar saƙa da hannuna, a gidanmu da ke Yelwa ta ƙasar Yawuri, ina 'yar shekara goma sha uku.

Mahaifina masunci ne, Basarke gaba da baya. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, kogin Kwara ya buɗe ya zama tafki, ya shanye tsibirai da dama, har aka sake wa Gungawa matsuguni a bakin gaɓa. A kan wannan ruwa Baba ya yi rayuwarsa. Wani lokaci ya gangara da kwalekwalensa wajen Wara ta ƙasar Ngaski, wani lokaci ya haura ta ɓangaren Shanga. Wanda bai taɓa shiga ruwa da asubahin hunturu ba, bai san sanyi ba. Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar nan mai ƙura da ke tasowa daga Sahara takan bi ta kan tafkin ba abin da ke tare ta, ga hazo ya rufe gaɓa, ga hannu a jiƙe. Kowace shekara Baba yakan yi fama da tari, domin ba shi da abin kare wuya da ƙirji sai wani tsohon rawani da ya sha jiki.

Wannan tarin ne ya kai ni wurin Goggo, ƙanwar Baba, wadda duk unguwarmu aka san ta da saƙar hulunan sanyi da safar jarirai. Na ce mata ina so in saƙa wa Baba abin naɗa wuya. Ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, kin iya zama kuwa? Saƙa ba ta son mai ƙaiƙayin ƙafa." Sa'annan ta nuna mini bambancin kayan aikin. Kwarashi ƙugiya ce guda ɗaya, ido ɗaya ake riƙewa a lokaci guda, saboda haka ɓarnarsa ba ta yin nisa. Saƙar kibiya kuwa, idanu da yawa ne jere a kan kibiya, ana kwashe su ɗaya bayan ɗaya zuwa ɗaya kibiyar. Ta fi laushi, ta fi kwanciya a wuya, amma ta fi rashin yafiya. Da yake ƙuruciya na ɗibata, sai na zaɓi kibiya.

Daɗin saƙa ba ya ɓuya. Akwai wata natsuwa da ke sauka a zuciya idan yatsu suka gane hanya, har mutum ya riƙa hira hannunsa na aiki shi kaɗai. Akwai kuma farin cikin ganin zare, wanda jiya curi ne kawai, yau ya zama abin da ake aunawa da taƙi. Kowace yamma bayan na taso daga makarantar allo, nakan shimfiɗa saƙata a cinya in auna, in ji kamar na gina ɗaki.

Takaicinta ma ba ya ɓuya. Ranar da raina yake a ɓace nakan ja zare da ƙarfi, saƙar ta tsuke. Ranar da nake cikin nishaɗi ta saki, har abin ya fito da ƙugu kamar kalangu. Ana cikin haka ulun da na saya ruwan bula ya ƙare, da na koma kasuwa sai na tarar wanda aka kawo ya ɗan fi shi duhu. Babban tashin hankalin kuwa shi ne ranar da Goggo ta ɗaga saƙar ta kalli rana da ita, ta nuna mini ido ɗaya da ya suɓuce tun taƙi biyu a baya, ya fara zarewa ƙasa kamar tsani. Ta ce tun da ga wannan ga kuma tsukewar, sai a warware. Na roƙe ta a ɗinke wurin da allura, ba wanda zai gani. Ta ce, "Sanyi zai gani." Ta zare kibiyar, ta miƙo mini bakin zaren. Aikin mako biyu ya warware kafin a gama kiran sallar la'asar, ina ja ina hawaye.

Baba yana gefe yana gyaran tarunsa. Bai ba ni haƙuri ba, sai ya ce, "Uwata, zo ki gani." Ya nuna mini ido ɗaya da ya tsinke a jikin tarun, ya ce ta nan kifi ke fara gwada ƙarfinsa, in aka bar shi yau, gobe ƙofa ce. Ashe shi ma kullum a cikin saƙa da warwara yake, ban lura ba. Daga baya na karanta cewa a garuruwan masunta na gaɓar tekun Ingila da Sukotlan ma, mata ne ke saƙa wa mazajensu rigunan sanyi na shiga ruwa. Duk inda aka sami ruwa da sanyi, zare ba ya nisa.

Ban gama ba sai cikin watan Maris, hazo ya washe, zafi ya kankama, mutane sun koma kwana a tsakar gida. Kunya ta kama ni, na miƙa masa ina sunkuyar da kai. Ya naɗa a wuyansa cikin wannan gumi, ya zaga gida kowa ya gani, sa'annan ya ninke ya sa a akwati, ya ce, "Hunturu bai taɓa saɓa alkawari ba." Da sanyi ya dawo, da shi ya riƙa fita.

A yau kayan gwanjo sun cika kasuwanninmu, rigar sanyin da aka kwance daga dila ba ta kai kuɗin ulun da za a saƙa irinta ba, mai saye kuma zare yake yi wa kuɗi, ba ya lissafa dararen da aka yi a kai. Duk da haka ban ajiye kibiyata ba. Da na zama malama ma, na ga aikin aji ɗan'uwan saƙa ne. Yaron da ya wuce aji ɗaya bai bambance "ɗ" da "d" ba, ido ne ya suɓuce, kuma ko ya kai aji shida yana nan yana zarewa. Malamin da ke jin ƙyashin komawa baya domin a ce ya gama manhaja, ya ɗinke ne da allura. Gyara kayanka kuwa bai zama sauke mu raba ba.

Bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, muna kwashe kayansa sai na ci karo da saƙar nan, ta koɗe, tana ƙanshin hayaƙin banda. A wurare uku ta huje, kuma duk an gyara, ba da ulu ba, da zaren taru, da irin ƙullin da masunta ke yi. Bai taɓa kawo mini ita in gyara ba. Na zauna a bakin akwatin ina ƙirga ƙulle-ƙullen nan da yatsa, har aka kira magariba.