Tsohon Direban Tanka Da Wutar Majiya

A wata unguwa kusa da daffon mai na Hotoro a Kano akwai wani dattijo wanda ya yi shekara talatin da ɗoriya yana tuƙa tankar mai, kafin ido ya yi masa rauni ya ajiye sitiyari. Da karen mota ya fara, sa'an nan ya zama direba. Yanzu ɗansa na fari ne ya gaje shi, shi ke ɗauko fetur daga Ikko ya kawo Arewa, tafiyar kilomita dubu ko fiye. Duk ran da ɗan ya yi lodi, dattijon nan ba ya samun barcin kirki sai ya ji ya sauka lafiya.

Ran 15 ga watan Oktoba, 2024, da dare, wata tanka da ta taso daga Kano za ta Nguru ta faɗi a garin Majiya, cikin Ƙaramar Hukumar Taura ta Jihar Jigawa. Fetur ya malala cikin magudanar ruwa, jama'a suka fito da jarkoki da bokitai suna kwasa, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka rasu. Da labarin ya iso majalisar da dattijon ke zama, wasu suka ce laifin masu kwasa ne, wasu suka ce talauci ne, domin tun da aka janye tallafin mai a 2023 jarkar fetur ta zama dukiya. Dattijon bai musa wa kowa ba. Abin da ya ce kurum shi ne, kafin a tambayi dalilin da ya sa mutane ke kwasa, ya kamata a tambayi dalilin da ya sa tanka ke faɗuwa, da dalilin da ya sa in ta faɗi take zuba.

Yana da hujjar faɗin haka. Sa'ad da yake matashi, ya taɓa yin kwana biyu bisa hanya bai runtsa ba, domin a lissafin sawu ake biyansa, mai motar kuwa yana ta aiko masa ya yi sauri. Gab da asuba gyangyaɗi ya ɗauke shi a wata kwana. Ya farka a firgice ya taka birki, man da ke cikin tanki ya taho gaba ɗaya ya tunkuɗa motar, ta kwanta a gefen kasuwar wani ƙauye. Ko ɗigo bai zuba ba, saboda mako guda kafin nan wani bakanike ya matsa sai da aka canza robar murfin tankin. Har yau dattijon yakan ce, bayan ikon Allah, robar nan ce ta tsare ƙauyen.

Wanda bai taɓa jan irin wannan kaya ba bai san halinsa ba. Buhun hatsi inda aka aje shi nan yake zama, amma ruwa yawo yake yi a cikin tanki, yana bugun gaba in an taka birki, yana bugun gefe in an sha kwana. Shi ya sa ake raba cikin tanki ɗaki-ɗaki, don a karya ƙarfin bugun. Lita 60,000 ta fetur nauyinta ya kai wajen tan 45, ban da nauyin motar kanta. Har wa yau tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi ya shiga kwata da rami, ya yi nisa da inda motar take, sai ya tarar da tartsatsi ko garwashin mai shayi.

Ba za a ce babu doka ba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, a 2017 kuma ta soma tilasta wa motocin haya da na dakon kaya su sa na'urar ƙayyade gudu. Bayan da wata tanka ta yi bindiga a mararrabar Dikko ta Jihar Neja ran 18 ga Janairu, 2025, mutum fiye da 80 suka halaka, hukumar da ke kula da dakon mai da rarraba shi ta hana yi wa tanka mai cin lita 60,000 lodi daga ran 1 ga Maris na wannan shekarar. Dattijon ya yi murna da wannan, amma yana ganin ba a fafe gora ranar tafiya. Motar da ta riga ta cika ta hau kwalta, tsayar da ita a shinge ba ya gyara mata birki. A ƙofar daffo ya kamata hukuma ta tsaya da gaske, a duba murfi da famfo, a duba birki da taya, a ga tukunyar kashe wuta da alamar da ke nuna irin kayan da aka ɗauka, ko fetur ne, ko gas, ko asid, domin 'yan kwana-kwana su san abin da za su tarar. A kuma ƙayyade sa'o'in da direba zai yi yana tuƙi, in an saɓa a kama mai motar tare da direban, domin shi ne mai sayen taya, shi ne kuma mai sa ranar isowa.

Abin da ya fi damunsa shi ne yadda aka tattara wannan kaya duka aka ɗora wa hanyar mota. Yana tuna lokacin da taragun mai ke shigowa Kano ta layin dogo, da lokacin da aka buɗe matatar Kaduna a 1980, bututu na kai mai daffo-daffo. Masu fasa bututu da rashin gyara suka mayar da aikin hannun tankoki. Ita kanta Nguru, inda motar Majiya ta nufa, layin dogo ya isa can daga Kano tun 1930. Sai dai jirgin ƙasa ma in babu tsaro masifarsa ta fi girma. A 2013, a garin Lak-Megantik na ƙasar Kanada, an bar jirgi ɗauke da ɗanyen mai a kan gangara ba a ɗaure birkunansa yadda ya kamata ba, ya gangaro tsakiyar gari ya kama da wuta, mutum 47 suka mutu. Watau ko a dogo ko a kwalta, binciken da aka yi kafin tashi shi ke tsare rayuka.

Kwanan baya ɗan nasa ya bugo waya daga Ikko bayan sallar isha'i.

"Baba, gobe da safe zan yi lodi, a sa mu a addu'a."

"Allah ya tsare. Ka hau ka duba murfin da kanka?"

"Na duba, Baba."

"To, je ka kwanta. In barci ya zo maka a hanya, ka nemi fili nesa da gari ka tsaya, ko da maigidanka zai yi faɗa."